Kafaɗar Hagun Gwaggo Ɗigo

To, ku gyara zama. Kai, ajiye abin nan na hannunka, labarin Gwaggo Ɗigo ba a jin sa da kunne ɗaya.

Matar nan mai sayar da mai ce. Ba man girki ba fa, man ƙamshi, irin mai ƙarfin nan da ake tatsowa daga ganye da ɓawo da fure, a ɗura a 'yan kwalabe da ba su wuce ɗan yatsa ba. Shagonta na bakin titi, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da bokitai. Ɗan ƙuƙut ne, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a rana. Ga kwalabe nan a jere can sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa: na na'a-na'a, na kanumfari, na kirfa, na kafur, na ɓawon lemo. Tun kana kwanar titi hancinka zai gaya maka ta buɗe.

A shagon ta tashi, don na ubanta ne. Tana 'yar ƙanƙanuwa ta jawo kwalbar man kirfa ta kife mata a wuyan hannu, fatar ta saluɓe. Tabon yana nan har ta tsufa, fari fat, kamar an manna mata ɓawon albasa. Da uban ya rasu, baffanninta suka ce a sayar da shago, mace ba ta riƙe irin wannan sana'a. Ta ɗaure makulli a bakin zane ta zauna a ƙofa, ta ce duk mai so ya zo ya kwance. Ba wanda ya zo. Da ta yi aure, mijin ya ce ta zauna a gida. Ta ce, "Malam, ƙamshin nan ka biyo har ka same ni, yanzu kuma ya dame ka?" Ya yi dariya ya bar ta. Bawan Allah, bai yi tsawon rai ba. Da kwalaben nan ta raini 'ya'yanta har kowa ya kama gabansa.

Sunan kuwa bakinta ne ya jawo mata. Kowa ya zo saye, ɗigo ɗaya. Babba ne, ɗigo ɗaya a cikin cokalin man zaitun ko na kwakwa. Yaro ne da ya yi wayo, a ƙara man zaitun ɗin, a fara ɗan shafawa a hannu a jira a gani. Ba a sha, ba a kai shi ido, ba a bar kwalba a kan tabarma. Jariri kuwa, ko kusa.

Wata rana wata ta shigo da goyo, yaron na ta fama da majina. Ta ce a ba ta man na'a-na'a ta shafa masa a ƙirji da hanci.

Gwaggo ta leƙa bayanta ta ce, "Wannan ɗan tsakon? Ban sayarwa."

"Gwaggo, ai maƙwabciyata shi take sa wa nata."

"To je ki wurin maƙwabciyar taki ta sayar miki. Ke ga hannuna. Kin gani? Wannan fatar mai tafiya da ƙafarta ce fa, ta yi haka. Ina ga wanda bai gama bushewa ba? Hancinsa kamar ramin allura, ki cusa masa abin da ke sa ƙato hawaye? Ɗauke shi ki kai asibiti, kuma fita da shi daga shagon nan, iskar ciki ma ta fi ƙarfinsa."

Matar ta fita tana ƙunƙuni, wai tsohuwa ta cika iyayi. Gwaggo ta bi ta da murya har titi: "Ki zage ni da lafiyayyen ɗa, na yafe!"

Haka take. An yi mata suna a unguwa, wasu na yabo, wasu na tsaki, ita ko a jikinta.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta gada wurin ubanta. Kun san in an tsiyaya mai daga kwalba, akwai ɗan abin da ke gangarowa a wuyan kwalbar. Masu sana'ar nan ba sa barin sa ya lalace. Ita sai ta ɗaga kwalbar ta goga bakin a kafaɗarta ta hagu, sharaf, ta toshe, ta mayar. Ko kallo ba ta yi, hannu ne ya saba. Tun safe har yamma, wannan kwalba, waccan kwalba. Duk rigar da ta mallaka, kafaɗar hagu ta yi duhu ta yi tauri kamar fatar ganga. Ita ba ta jin komai. Hancin da ya shekara da shekaru a cikin kafur ai ya daɗe da yin ritaya.

To, autanta makaniken babur ne, kowa Auta yake ce masa har ya yi gemu. A gida ɗaya suke, ita ɗakinta na gaba, su na ciki. Matarsa tela ce, ana ce mata Mai Keke, yarinya shiru-shiru, in ka ji ƙara a ɗakinta to keken ne, ba bakinta ba. Allah ya ba su ɗa namiji, ɗan mitsitsi da shi, har sunan ya bi shi, Mitsil. Gwaggo kuwa ta ce ta yi sabon miji.

Da ta rufe shago da yamma, ko ɗakinta ba ta shiga. Daga ƙofa take kwaɗa kira: "Ina angon nawa? A fito mini da mijina, na gaji da zaman gwauranci!" Sai ta karɓe shi ta kifa a kafaɗar hagu, tana zagaya tsakar gida tana bubbuga bayansa, tana yi masa tsiya wai miji ne da ba ya cefane.

Yaro ya fara atishawa. Aka ce mura. Idanu suka yi ja, kunci ɗaya ya yi jajir ya feso ƙuraje. Aka ce zafi ne. Sai kuma numfashi ya fara fita da 'yar ƙara, fiii, fiii, kamar ana busa kara. Da safe ya yi dama-dama, da yamma abin ya dawo.

Gwaggo ta dubi kuncin nan. Ita fa ta san ƙunar mai in ta gan ta, da ita ta tsufa. Ta miƙe tsaye ta ce wa Mai Keke, "Ke 'yar nan, zo. Me kike shafa wa yaron nan?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai? Ruwa ba ya tsami banza. Wace ƙawar taki ce ta kawo miki mai a ɓoye?"

"Wallahi, Inna, sabulunsa ne kawai da ruwa."

Gwaggo ta faɗa ɗakin. Ta ɗaga katifa, ta zazzage kwandon zare, ta buɗe akwatin keke, har aljihun rigar da aka kawo ɗinki sai da ta laluba. Ba kwalba, ba dalilinta. Mai Keke na tsaye jikin bango da yaro a hannu, hawaye na zuba. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta dubi kafaɗar surukarta, ta haɗiye. Wa ya isa?

Ana nan, wata ranar da ba ta fita shago da wuri ba, Gwaggo ta ɗauki mijinta tun da hantsi ta kifa a inda ta saba. Ba a jima ba yaro ya fara jan numfashi da ƙyar, ramin wuyansa na lotsawa, haƙarƙari na shiga yana fita. Kuka ma ya gagara. Mai Keke ta ƙwalla ƙara, irin wadda ba a taɓa jin ta yi ba. Aka tare mota, aka aika wa Auta, sai asibiti. Gwaggo ta hana kowa riƙe shi, ta ƙanƙame shi a jikinta har suka isa.

Nas ɗin da ta tarbe su wata doguwa ce mai tabarau. Tun kafin su ƙaraso teburinta ta ɗaga kai tana jan hanci. Ta karɓi yaro, ta miƙa wa uwar, ta ce, "Mama, ke tsaya a waje tukuna."

"Ni? Kin san ko ni wace ce a wurinsa?"

"Na sani, Mama. Tsaya a waje."

Aka shiga da shi. Gwaggo ta zauna a benci tana cika tana batsewa, mutanen da ke gefenta suna ta matsawa, ita ta ɗauka girmamawa ce. Can da aka samu kan numfashin, yaro ya yi barci, nas ta fito ta zauna kusa da ita.

"Mama, me kike sayarwa?"

"Man ƙamshi. Kuma kafin ki fara, bari in gaya miki, tun ba a haife ki ba nake hana mata shafa wa jarirai. Ko ɗigo bai taɓa taɓa jikin jikana ba."

"Na yarda. A ina kike kwantar da shi in kin ɗauke shi?"

Gwaggo ta dafa kafaɗarta. Hannunta ya sauka a kan taurin nan. Ta ɗago yatsu ta duba, suna ƙyalli.

Nas ta ce, "Akwai mura a jikinsa, ban ce duka ke ba ce. Amma kuncin da ya ƙone shi ne wanda yake kwanciya da shi a nan. Kuma hancinsa a nan yake, yana shaƙa. Ni da nake babba, idona yaji yake yi tun da na zauna."

Gwaggo Ɗigo ta goge yatsun a zaninta. Laifi tudu ne, jama'a. Ta taka nata shekara da shekaru tana hango na matan unguwa.

Daga asibiti ba ta wuce gida ba. Ta biya wurin ƙawarta Mai Wanki, wadda ke wanke mata kaya tun suna da sauran ƙarfi. Ta same ta a bakin famfo, hannu dumu-dumu da kumfa.

"Ke, tsakaninki da Allah, ina ƙamshi?"

Mai Wanki ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ƙamshi? Ke ai kin wuce ƙamshi, kin kai hayaƙi! Rigunanki daban nake jiƙa su. In na zubar da ruwan, ko kaji ba sa bi ta wurin."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Wa ke faɗa miki magana, Ɗigo? Gwano ai ba ya jin warin jikinsa, kuma wannan gwanon yana da baki."

Da aka sallamo yaro, Auta ya same ta a ƙofar ɗakinta. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, amma muryar ba ta durƙusa ba.

"Inna, na yi tunani. Dama na daɗe ina cewa ki huta. Ki rufe shagon nan, ni zan riƙe ki. In kuwa ba za ki rufe ba, to ki yi haƙuri, yaron nan ba za ki ƙara ɗaukarsa ba sai ya yi wayo."

"Kai Auta. Kai da kake wuni a cikin fetur da baƙin mai, kai ne za ka yi mini wa'azin wari?"

"Ni ai nawa ana gani, Inna. A gareji nake tuɓe kayan aiki, in yi wanka kafin in taɓa shi. Naki ne ba a gani."

Maganar ta shige ta, amma ba ta nuna ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To ka ji da kunnenka. Baffannina sun ce in rufe, suna ƙasa, shago na tsaye. Ubanka ya ce in rufe, Allah ya jiƙansa, shago na tsaye. Kai da na yi wa tsarki ba za ka zaɓa mini ba. Shago ba zan rufe ba, mijina kuma ba zan sake shi ba. Duka biyun nawa ne."

"Ba zai yiwu ba, Inna."

"Tashi ka ba ni wuri."

Washegari ta shiga ɗakin Mai Keke, ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta ƙarasa inda yaro yake ba. Ta ajiye yadi fari, marar ado.

"'Yar nan, na zazzage miki ɗaki a kan laifin da ke kafaɗata. Kin sani kika yi shiru. Allah ya ba ki haƙuri, amma kada ki ƙara yin irin wannan shirun, ɗanki ya fi kunyata. Ɗinka mini riga. Kuma daga yau na ɗauke ki aiki."

"Wane aiki, Inna?"

"Hancina ya mutu, naki na da rai. Kullum na dawo, ki shinshina ni. In kin ji ko ɓurɓushi, ki kore ni."

Yarinya ta rufe fuska da tafin hannu. "Haba Inna! Ni in shinshina ki? Ina ni ina wannan?"

"In kika yi mini kara, shi kika cuta, ba ni ba."

Aka fara. Sabuwar riga a gidan Mai Wanki take kwana, ba ta taɓa shiga ɗakin Gwaggo ba, don katifa da labule da bango duk sun sha. In ta rufe shago sai ta biya can, ta tuɓe kayan shago, ta yi wanka da farin sabulu marar ƙamshi, ta sa farar riga, ta taho gida tana taku ɗai-ɗai kamar mai zuwa gaban alƙali. Ta tsaya a tsakar gida ta ware hannuwa.

Ranar farko Mai Keke ta matso a ɗarare, ta ɗan ja hanci, ta sunkuyar da kai. "Inna... hannuwan."

Gwaggo ta juya ta mayar da rigar gidan Mai Wanki, ta koma ɗakinta. Tana jiyo kukan yaro ta bango, ta cije leɓe. Da gari ya waye ta yanke farce har ƙasa, ta samo safar hannu ta roba tana aiki da ita. Mai gyaran takalmi ya leƙo ya ce, "Gwaggo, an koma likita ne?" Ta ce, "Eh, zo in yi maka tiyatar baki."

Hannu ya wuce, sai aka ce wuya. Wuya ya wuce, sai aka ce 'yan kunne, ta cire ta jefa a kwano. Mai Keke kuma ta fara sakin jiki, har tana zagaya ta tana shinshinawa kamar mai sayen kankana. Auta na zaune a gefe yana kallo, yana girgiza kai, yana jiran ranar da za ta gaji. Yaro kuwa kunci ya bushe, ƙarar numfashi ta tafi, ya fara cika yana dariya da dasashi. Gwaggo na hango shi daga nesa, tana yi masa kirari, hannunta na ƙaiƙayi.

Sai aka zo kan abin da ya gagara. Kullum Mai Keke ta kai hanci wajen ɗankwali sai ta ja baya. Gashi ne. Gwaggo na da gashi, masha Allah, ko da ya yi furfura yana nan da cikarsa, shi ne abin taƙamarta tun tana budurwa. Kuma duk abin da ya rage a yatsu, a nan take shafe shi tun tana yarinya. An wanke, an sake wankewa, Mai Wanki ta dirje shi har hannunta ya gaji. A banza.

Auta ya ce, "Kin gani ko, Inna? Na gaya miki. Ki rufe shagon, a hankali zai fita da kansa."

"A hankali? Kafin nan mijina ya yi gemu ya auro wata."

Ranar da abin zai faru, ta dawo da wuri, rana ba ta faɗi ba. Auta na tsakar gida yana wanke ƙafa, Mai Keke na zaune da yaro a cinya. Gwaggo ta shigo da farar rigarta, Mai Wanki na biye da ita tana danne dariya. Ta tsaya a inda ta saba tsayawa. Ta kai hannu ta zare ɗankwali.

Kai tal, kamar ƙwarya sabuwar fafewa.

Buta ta suɓuce daga hannun Auta. "Innalillahi! Inna, me kika yi?"

"Aski. Ba ka taɓa gani ba? Gashi ai ciyawa ne, ya fito ya tarar da ni." Ta sunkuyar da kai gaban surukarta. "Bismillah, malamar hanci."

Mai Keke ta miƙa wa mijinta yaro. Ta shinshina kan, ta shinshina wuya, ta kama hannuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta zo kan kafaɗar hagu ta daɗe a wurin. Sannan ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Sabulu kawai nake ji, Inna."

Gwaggo ta juya wajen ɗanta ta miƙa hannu biyu. Bai motsa ba. Ta ce, "Kai ka kafa sharaɗi don numfashinsa, ko don ka ga na zauna? In don numfashinsa ne, ga uwarsa ta yanke hukunci. Ba ni mijina."

Auta ya dubi matarsa, ta gyaɗa kai. Ya miƙa.

Yaro ya ƙura mata ido, ya dubi kan nan mai ƙyalli, ya taɓe baki zai yi kuka. Bai gane ta ba, don da hanci ya san ta. Ta ce, "Au, don na yi aski za ka ƙi ni? Kai ɗin gashi nawa gare ka?" Da ya ji muryar sai ya saki fuska, ya kai hannu ya dafa ƙoƙon kan. Ta ɗaga shi ta kifa a kafaɗar hagu, daidai wurin, ta fara zagaya tsakar gida.

Kowa ya yi tsit ana sauraro. Ba atishawa. Ba fiii. Numfashi na shiga yana fita sumul, har ya yi nauyi a jikinta, barci ya kwashe shi, miyau na zuba a farar riga.

Gwaggo ta karkata kai ta sa hanci a tsakiyar kansa. Ta tsaya cak. Ta sake ja.

"Ke 'yar nan, ashe yaron nan tsamin nono yake yi?"

Mai Wanki ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. "Hanci ya dawo daga ritaya!"

"Rufe mini baki, kar ki tashe shi." Ta ci gaba da zagayenta, ta zo daidai inda Auta ke tsaye da buta a ƙafarsa. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, "Gobe in za ka gareji ka biyo ta shago da guduma. Ƙusa za ka kafa mini a jikin katako, zan rataye tsumman goge kwalba."